Wai buɗe kasuwa ga duniya taimakon ƙasashe masu tasowa yayi ko ƙara durƙusar da su?

Sagiru_ɗalibi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar tattalin arziki, kuma amsa nake so irin ta fahimta ba irin wadda ake haddacewa dan cin jarrabawa ba.

Duk lokacin da aka tada maganar dunƙulewar duniya da sakar wa kasuwa mara, wato a rage harajin shigo da kaya, a cire tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati, a bar kuɗin ƙasa ya nemi darajarsa da kansa, a buɗe wa 'yan waje ƙofa su zuba jari, sai kaga mutane sun rabu gida biyu kuma kowa da hujjarsa a hannu. Wasu suce ai ga Sin nan, tunda ta fara buɗewa a 1978 Bankin Duniya da kansa yace mutum kusan miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40, ga Biyetnam ga Indiya ga Koriya ta Kudu. Wasu kuma suce ina, wannan tsarin ne ya kashe masana'antu a Afirka da Latin Amurka, ya bar ƙasashe suna sayar da ɗanyen kaya suna sayo sarrafaffe, ga bashi iya wuya.

To abin da ya ɗaure min kai shine in na duba sai inga duka ɓangarorin biyu ba ƙarya suke ba. Ya akai abu ɗaya ya tada wasu ya kwantar da wasu? Ko dai ba abu ɗayan bane akayi a wuraren? Ko kuwa matsalar shugabanni ce kawai kamar yadda wasu ke faɗa, shi tsarin bashi da laifi?

Malam Tanimu ya rubuta:

Wa alaikumus salam Sagiru. Tambayarka ta tsakiyar nan ita ce amsar, ba abu ɗaya akayi ba, sunan ne kawai ɗaya.

Fara duba yadda yawancin ƙasashen Afirka da Latin Amurka suka shiga abin tukuna. Bayan man fetur yayi tashin gwauron zabi a 1973, bankunan Turai da Amurka suka cika da dalolin ƙasashe masu mai har suka rasa inda zasu kai su, sai suka dinga bin gwamnatocin ƙasashe masu tasowa da tayin rance, kuɗin ruwa kaɗan amma irin wanda yake hawa da sauka. Aka karɓa hannu bibbiyu. Sai a 1979 Paul Volcker ya zama shugaban babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari dan ya kashe hauhawar farashi a ƙasarsu, shi matsalar gidansu yake gyarawa ba ruwansa da kowa, amma duk wanda yaci bashin dala sai ya wayi gari abin da zai biya ya haura, kuma a daidai lokacin farashin tagulla da sauran ɗanyen kayan da suke dogaro dasu ya faɗi. Agustan 1982 Meziko ta fito tace bazata iya biya ba, daga nan sai ƙasashe suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda yazo neman rance a wannan halin ai baya ciniki. Asusun bada lamuni na duniya wato IMF da Bankin Duniya sukace zamu bayar amma ga sharuɗɗa, shine shirin gyaran tattalin arzikin da aka sani da SAP. Gana ta fara nata a 1983 zamanin Rawlings, Najeriya 1986 zamanin Babangida, ƙasashen da ke amfani da sefa kuwa dare ɗaya aka karya darajar kuɗinsu da rabi a Janairun 1994. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko wace ƙasa kake, wani masani John Williamson ya tattara su guda 10 a 1989 ya kira su matsayar Washington. Kuma komai lokaci ɗaya ake so, ka karya kuɗi, ka rage haraji a kan iyaka, ka rage ma'aikata, ka ɗaga kuɗin ruwa. Ka duba mai masana'anta a irin wannan ƙasar, injinan da kayan gyaran da yake sayowa daga waje sun ninka tsada saboda kuɗin ƙasa ya karye, banki ya ƙara masa ruwa, mutanen da zasu sayi kayansa an sallame su daga aiki, sannan ga kayan waje masu araha sun cika kasuwa. Ta ina zai tsira?

Zambiya ce misalin da yafi taɓa ni. Ƙarshen 1986 aka cire tallafin garin masara, tarzoma ta ɓarke a yankin da ake haƙar tagulla, shugaba Kaunda ya raba gari da IMF a Mayun 1987 amma ba'a jima ba dole ta sa aka koma. Da Chiluba yazo a 1991 ya buɗe komai da sauri, masaƙu suka dinga rufewa, sannan aka kammala sayar da ma'adinan tagullar gwamnati a 2000 lokacin da farashin tagulla yake ƙasa warwas, da yarjejeniyar da ta bar wa gwamnati kashi 0.6 cikin ɗari kacal a matsayin kason ma'adinai. Shekaru kaɗan bayan nan farashin ya ninka fiye da sau uku saboda Sin na saye, ribar ta tafi wa waɗanda suka saya.

Yanzu koma Asiya. Koriya ta Kudu zamanin Park Chung-hee bankuna a hannun gwamnati suke, ita ke zaɓar wanda za'a ba rance mai sauƙi, kuma da sharaɗi, sai ka sayar da kaza a kasuwar waje, in ka kasa a yanke maka. Motocin waje kusan haramta su akayi har Hyundai ta tsaya da ƙafarta. Da zasu gina kamfanin ƙarfe na POSCO Bankin Duniya cewa yayi abin bazai yi riba ba, suka kafa shi a 1968 suka gina da kuɗin diyyar da suka karɓa daga Japan, yau yana cikin manyan kamfanonin ƙarfe na duniya. Sin kuma bata buɗe ƙasar gaba ɗaya ba, a 1980 ta ware wasu yankuna irinsu Shenzhen ta gwada a can tukuna, kamfanin motar waje da yake son kasuwarta sai ya haɗa jari da kamfanin gida kamar yadda Volkswagen tayi a Shanghai, kuma bata shiga ƙungiyar kasuwanci ta duniya wato WTO ba sai Disambar 2001, shekara 23 bayan fara gyaran. Biyetnam ta fara nata a 1986 bata shiga WTO ba sai 2007. Su sun shiga kasuwar duniya ne dan su sayar, su suka tsara me za'a buɗe yau me za'a bari sai gaba, babu mai bin su bashi tsaye a kansu da agogo.

Alhaji_Kabiru ya rubuta:

Malam Tanimu ranka ya daɗe, tarihin da ka kawo daidai ne amma ka fara labarin daga tsakiya. Wanda ya karanta naka sai ya ɗauka ƙasashen nan lafiyarsu ƙalau IMF tazo ta lalata su, alhali ba wanda yake zuwa wajen IMF da ƙoshin lafiya, sai wanda ya riga ya cinye abin hannunsa.

Ɗauki Ganar da ka ambata. Kafin 1983 hauhawar farashi tana haura kashi 100, gwamnati ta ƙayyade darajar kuɗinsu sidi a takarda amma a kasuwar bayan fage abin ya ninninka, hukumar koko tana sayen amfanin manomi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta sayar a waje da tsada, har manoma suka koma fasa-ƙwaurin koko zuwa Kodebuwa da Togo wasu suka daina kula da gonakin ma. Wa yake cin riba a wancan tsarin? Wanda yake da hanya a ma'aikata ya samo lasisin shigo da kaya da dala a farashin gwamnati ya juya ya sayar. Talakan ƙauye shi ake tatsa dan a ciyar da na birni. Wannan shine kariyar da ake kuka an cire.

Indiya fa? Shekara da shekaru sai ka nemi izinin gwamnati kafin ka buɗe masana'anta, kafin ka ƙara yawan abin da kake ƙerawa ma sai izini, mutum yayi rajistar layin tarho ko babur ya jira shekaru, tattalin arzikin yana tafiyar hawainiya wajen kashi 3 da rabi a shekara. A 1991 kuɗin wajen da ya rage musu na sayayyar 'yan makonni ne kawai, har zinaren ƙasa suka loda a jirgi suka kai jingina Ingila da Suwizalan. Firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka soke yawancin lasisin suka rage haraji, kuma gashi duk muna ganin inda Indiya ta kai a harkar manhajar kwamfuta da magunguna. Su ma fa a tsakiyar rikici suka buɗe, da rancen IMF a hannu, to me yasa nasu bai mutu ba?

Sannan maganar waya. Lokacin da kamfanin gwamnati ɗaya ke riƙe da tarho a kusan kowace ƙasa mai tasowa mutum nawa ke da layi? Da aka buɗe fannin wa 'yan kasuwa cikin shekara goma mai sayar da kaya a bakin titi ma ya riƙe salula, har Kenya ta fito da M-Pesa a 2007 mutane suna tura kuɗi ba tare da asusun banki ba. A 1990 sama da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna cikin matsanancin talauci, kafin korona abin ya sauko ƙasa da kashi 10. Ba'a taɓa ganin irin haka ba a tarihi kuma a zamanin buɗe kasuwar ne ya faru ba zamanin rufewa ba. In rufe ƙofa na kawo arziki da Koriya ta Arewa ce kan gaba.

Kariyar masana'antar gida da kuke so, ni ban ƙi ta a takarda ba, amma Latin Amurka ta gwada shekaru da yawa, abin da ta samu kamfanoni ne da suka saba da nono suka ƙi a yaye su, kaya mara kyau da tsada, mai kamfanin kuma ya gane cewa zuwa gaida minista yafi gyara inji riba. Koriya ta iya yanke wa wanda ya kasa, gwamnati nawa ce zata iya yanke wa wanda ya ɗauki nauyin kamfen ɗinta?

Bature_baƙi ya rubuta:

Hhhh Alhaji to su masu ce mana a cire tallafi a buɗe iyaka, nasu manoman fa? Tarayyar Turai har gobe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗinta kan tallafin noma yake tafiya. Amurkar ma da harajin kan iyaka mai tsauri ta raini masana'antunta a ƙarni na 19, tun 1791 Alexander Hamilton ya rubuta musu shawarar haka. Sai da suka ƙoshi sannan suka fara wa'azin azumi.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Sallama gareku duka. Ni inaga Malam da Alhaji kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, amma akwai abin da ku duka kuka tsallake, kuna ta maganar ƙasa kaza ta ci riba ƙasa kaza tayi asara kamar ƙasa mutum ɗaya ce. A cikin ƙasa ɗaya wani ya samu wani ya rasa, kuma wanda ya samu baya rama wa wanda ya rasa.

Haiti a 1995 aka sa ta rage harajin shinkafar waje daga kashi 35 zuwa kashi 3. Mutumin birni ya samu shinkafa da sauƙi, wannan gaskiya ne Alhaji, amma shinkafar daga Amurka take zuwa inda gwamnati ke tallafa wa manomanta, manomin Haiti mai 'yar gonarsa bazai iya gasa da baitulmalin Amurka ba, suka bar gonaki suka kwarara babban birnin ƙasar Port-au-Prince ba aikin yi. Bill Clinton da aka yi abin a zamaninsa ya fito a 2010 gaban kwamitin majalisar dattawansu ya amsa cewa kuskure ne, manoman jiharsa ta Arkansas suka amfana su kuma mutanen Haiti suka rasa hanyar ciyar da kansu. Haka manoman masara a kudancin Meziko bayan NAFTA, yarjejeniyar buɗe kasuwa tsakanin Meziko da Amurka da Kanada, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1994, arewacin ƙasar ya samu masana'antun haɗa motoci da kayan lantarki, kudu kuma matasa suka kama hanyar tsallaka iyaka.

Auduga ma haka. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun yi duk abin da aka ce suyi, kuma manomansu suna noma ta da arha, amma tallafin da Amurka ke ba nata manoman yana danne farashin duniya. Suka kai kuka taron WTO na Cancun a 2003 aka tashi baram-baram. Burazil ce mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi ta kai ƙara ta kuma yi nasara, ƙarshe a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Su ƙasashe huɗun nan ko sisi. Dokar tana nan ga kowa amma sai mai kuɗin shari'a yake cin moriyarta.

Sai dai kuma bazan yarda ace abin duk sharri bane saboda Bangaladash. Ɗinkin tufafi ya haura kashi 80 na abin da suke fitarwa, mutum wajen miliyan 4 ke aiki a ciki kuma mata sun fi yawa, 'yan matan ƙauye da da babu abin da ke gabansu sai jiran abin da aka basu yanzu suna da albashin kansu suna tura ƙannensu makaranta. Duk wanda yake zaune a ofis mai sanyi yana cewa a rufe waɗannan masana'antun saboda bauta ce to ya fara tambayar matan tukuna. Amma kuma a wannan Bangaladash ɗin ne ginin Rana Plaza ya rufta ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134, kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bango amma aka tilasta musu komawa aiki dan kar oda ta makara. Sai bayan nan manyan kamfanonin Turai suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine. Me ya hana ayi tun farko? Saboda kowace ƙasa tana tsoron in ta matsa wa masu saye zasu kwashe odar su kai maƙwabciya, kowa sai rage wa kansa farashi yake.

Wani abu kuma da mu mata muka fi ji a jiki, lokacin SAP da aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu ai makaranta da asibiti aka fara sa wa kuɗi, kuma in kuɗin ɗa ɗaya ne a gida an san wanda ake bari a gida. Da Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, Yuganda 1997, Kenya 2003, yara miliyoyi suka cika azuzuwa cikin ɗan lokaci, kenan dama kuɗin ne ya tsare su. Ƙasar da ta bar yaranta shekara goma sha ba karatu da wa zata shiga gasar masana'antu?

Sagiru_ɗalibi ya rubuta:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai iyayena, na ƙaru sosai wlh. Amma Malam Tanimu akwai inda na tsaya. In har Asiya sun iya tsara abinsu kamar yadda kace, me ya kawo rikicin 1997 da ya kusa kifar da Tailan da Indunusiya da ita kanta Koriyar? Kuma tambayar Alhaji kan Indiya ban ga an amsa ba.

Malam Tanimu ya rubuta:

Yauwa Sagiru, nan ne ya kamata a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Buɗe ƙofa wa kaya daban, buɗe ƙofa wa kuɗi daban. A cikin kuɗin ma wanda yazo ya gina masana'anta ba ɗaya yake da wanda yazo ya sayi hannun jari ko ya bada rancen wata uku ba, na farko bazai iya ɗaukar gininsa ya gudu ba, na biyu kuwa danna kwamfuta ɗaya ya fice.

Farkon shekarun 1990 ƙasashen nan suka saki wannan ɓangaren na biyu. Bankuna da kamfanonin Tailan suka dinga ciwo bashin dala na gajeren lokaci saboda ruwansa yafi sauƙi, suna zubawa a gine-gine da filaye da kuɗin gida suke kawowa, kowa ya saki jiki tunda gwamnati ta ɗaure darajar kuɗinsu baht da dala. Da masu kuɗin suka fara shakka suka ruga ƙofa lokaci ɗaya, babban banki ya ƙona ajiyarsa yana karewa har ya gaji, ranar 2 ga Yulin 1997 ya saki baht ya faɗi. Wanda ake bi dala kuma kuɗin gida yake samu kaga ya mutu a tsaye. Abin ya tsallaka Indunusiya, rupiya ta narke, kayan masarufi suka gagari mutane, Suharto da ya shekara 30 da ɗoriya a mulki ya sauka a Mayun 1998. Koriya ta karɓi ceton sama da dala biliyan 50 a Disambar 1997, har talakawa suka dinga layi suna miƙa zobba da sarƙoƙin zinarensu dan a biya bashi. IMF kuma ta kawo musu maganin da ta saba, a ɗaga ruwa a tsuke kasafi, alhali su gwamnatocinsu ba almubazzaranci sukayi ba, bashin na 'yan kasuwa ne.

Mahathir na Malesiya yaƙi zuwa IMF, Satumbar 1998 ya sa takunkumi kan fitar da kuɗi ya tsayar da kuɗinsu ringit a 3.80 kan dala ɗaya, aka yi ta zaginsa ana cewa ya kashe ƙasarsa, ƙasar ta farfaɗo kamar sauran. Sin da Indiya da dama basu saki wannan ƙofar ba guguwar bata kada su ba. A 2012 IMF da kanta ta sauya matsayi ta yarda akwai lokacin da taƙaita zirga-zirgar jari yake da amfani. Ajantina kuwa da ake nunawa a matsayin ɗalibi na gari zamanin shugaba Menem, ta sayar da kusan komai ta ɗaure kuɗinta da dala tun 1991, Disambar 2001 ta kasa biyan bashin kusan dala biliyan 100, aka hana mutane cire kuɗinsu a banki, cikin sati biyu sukayi shugabanni biyar.

Wannan ya kawo mu Indiyar Alhaji. Eh a cikin rikici suka buɗe, amma ka duba me suka buɗe. Sun soke lasisin da ke shaƙe ɗan kasuwar gida, wannan ni ma ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma harajin kan iyaka a hankali suka dinga sauke shi tsawon shekaru, kayan masarufi na waje sai wajen 2001 aka gama cire musu ƙayyadewa, da yawa daga cikin manyan bankuna suna hannun gwamnati har yau. Harkar magungunan da kake yabo kuwa Alhaji ai ɗiyar kariya ce, dokar 1970 ce ta hana mallakar haƙƙin ƙirƙira kan shi kansa maganin sai dai kan hanyar haɗa shi, kamfanoninsu suka koyi kwaikwayo suka ƙware, shi yasa a 2001 kamfaninsu Cipla ya iya tayin maganin cutar ƙanjamau a dala 350 a shekara lokacin da kamfanonin Yamma ke sayarwa sama da dala 10,000. Da dokokin WTO na 1995 kan haƙƙin ƙirƙira sun riske su tun 1970 da babu wannan masana'antar. Injiniyoyin manhajar ma cibiyoyin fasaha da gwamnati ta kafa tun zamanin Nehru ne suka yaye na farkonsu.

Alhaji_Kabiru ya rubuta:

To Malam ai ka dawo kan maganata ba tare da ka sani ba. Duk misalan da ka kawo na nasara gwamnati ce mai aiki da ma'aikata masu lissafi a bayansu. Inda babu wannan, ka ba gwamnati ikon zaɓar wanda za'a kare da wanda za'a ba dala mai araha kaga ka buɗe sabuwar kasuwar cin hanci ne kawai. Ni gara a bar farashi yayi aikinsa, ko ba komai farashi baya karɓar na goro. Maganar kuɗin da ke shigowa yau ya fita gobe kam na baka gaskiya. Amma bashin da ya kada Zambiya a 2020 da Siri Lanka da Gana a 2022 ba wanda ya sa musu bindiga, da ƙafarsu suka je kasuwar lamuni suka ciwo da ruwa mai tsada.

Hajiya kuma batun auduga hujjata ce ba taki ba, abin da ƙasashe huɗun nan suka nema a Cancun ai ƙarin 'yancin kasuwa ne, a cire tallafin masu kuɗi kowa ya sayar da guminsa.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Alhaji sun nema ɗin, an basu? Shekara 20 kenan da ɗoriya. Kuma gwamnati mai aikin da kake cewa babu, ai sayar da kamfanonin ma sai da ita, in babu ta waɗanda kake gudun su ne zasu saye kamfanonin da arha su dawo suna sa farashin da suka ga dama ba mai tsawata musu. Ba yadda za'ayi a tsallake gyaran gwamnati ko ta wace hanya aka bi.

Ni abin da nake kallo yanzu shine su masu wa'azin sun canja huɗuba. Amurka ta ware biliyoyin daloli a 2022 dan tallafa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urori a gida, a 2024 ta sa harajin kashi 100 kan motocin lantarki na Sin, a 2025 Trump ya bi kusan kowace ƙasa da haraji har irinsu Lesotho da aka ce su dogara da ɗinka wa Amurka wanduna. Ruwanda da ta ƙara haraji kan gwanjo dan ta raini masaƙunta kuwa a 2018 aka dakatar mata da damar shigar da tufafinta Amurka ba haraji ƙarƙashin AGOA, dokar Amurka ta sassauta wa kayan Afirka haraji.

Sagiru in kana son abin bibiya a karatunka ka bi labarin Indunusiya. Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel tace duk mai so yazo ya narka a cikin ƙasar, Tarayyar Turai ta kai ta ƙara WTO aka yanke hukunci a 2022 cewa Indunusiya ta saɓa doka, ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da bata zama tun ƙarshen 2019 saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai, shikenan magana ta tsaya ita kuma taci gaba da abinta. Masana'antun narkawa sun cika tsibirin Sulawesi, kuɗin da take samu daga nikel ya ninninka. Amma yawancin masana'antun na kamfanonin Sin ne, an basu hutun haraji, da gawayin kwal suke aiki, dazuzzuka da ruwan masunta suna ɓaci, ma'aikata sun mutu a fashewar tukunyar narki a ƙarshen 2023. Kuma ta iya yin hakan ne saboda ita ce tafi kowa nikel a duniya, masu saye basu da wajen gudu. Ƙasar da shayi ko auduga take sayarwa in tace bazata fitar da ɗanye ba gobe za'a saya a wajen wata. Kodebuwa da Gana da ke noma wajen kashi 60 na kokon duniya sun gwada haɗa kai a 2019 suka ƙara dala 400 kan kowane tan dan manomi, masu saye suka bi ta wata ƙofar suka zaftare ƙarin kuɗin inganci da suke biya a da. Malam Tanimu ko zaka yi masa bayanin yadda harajin ƙasashen da ke saye yake hawa in kayan sarrafaffe ne, kai ka fini riƙe wannan ɓangaren.